Malamin da Ya Ƙi Gyara Min Waƙa

Malamin waƙarmu ya cuce ni da ladabi. Haka na faɗa a lokacin, haka nake faɗa yau, kuma ban ga dalilin sassautawa ba.

Na shiga jami'a ina da jika. Kafin nan tuwo nake sayarwa a bakin tashar Jabi. Na yi ajin manya da yamma, na rubuta jarrabawar sakandare tare da sa'annin 'ya'yana, na faɗi, na sake. Duk ɗan abin da na iya na boko, da jan biro na iya shi, wani ya ce min ba haka ba ne, na koma na yi daidai.

A shekarata ta biyu na shiga ƙungiyar mawaƙan jami'a. Waƙa ba baƙuwata ba ce. A zumuntar mata ta cocinmu na girma, inda ake buga tukunya, kuma mai bayarwa ba ta ƙarasa baiti sai masu amshi sun riga sun shigo sun tallafe ta. A wurinmu, wadda ta tsaya jira sai an kai ƙarshe kafin ta amsa, cewa ake barci take yi.

Malamin saurayi ne, bai fi ɗana na fari ba. Ga zafi. Yakan tsayar da waƙa a tsakiya, ya nuna yarinya da yatsa, ya sa ta maimaita layi ɗaya har idonta ya kawo ruwa. Ni kuwa sai ya rusuna ya ce Mama ina wuni, ya sa a kawo min kujera. Bai taɓa tsayar da waƙa saboda ni ba, sai na ɗauka iyawa ce. Har fahari nake yi a Karmo, ina gaya wa maƙwabta cewa malamin da kowa ke tsoro bai sami abin faɗa a kaina ba.

Sai aka ce an gayyace mu Turai, mu da 'yan jaz, wato samarin nan masu ƙahonin ƙarfe da ganguna da piyano. Gari-gari za a bi. Ba kowa za a ɗauka ba, amma aka ɗauke ni. Daga nan gwaji ya zama kullum. In fita daga Karmo a keke napep, in canja mota, in yi darasi, in tsaya waƙa har ƙafafuna su kumbura, in dawo cikin cunkoso ina rera nawa layin a zuci. Ga zirga-zirgar fasfo da biza, ga tela da ya ɗinka mana ankon ya matse min hannu. Na gaji ƙwarai, amma gajiya ce da na san dalilinta.

Da aka fara haɗa mu da 'yan jaz, malam ya canja min wuri. Ya kai ni can gefe a layin baya, dab da mai ganguna, inda ni kaina ba na jin abin da ke fita daga bakina. Ya ce don in sami wurin zama idan na gaji. Na yi masa godiya ma.

Ana saura 'yan makonni tafiya, wata mata ta zo daga Mpape har ɗakin gwaji. Uwar ɗaya daga cikin 'yan matan ce, masu siririyar murya. Ta kawo min ƙullin yaji, ta kama hannun 'yar ta saka a nawa, ta ce ga amana. Na karɓa, don ba a mayar da amana a gaban yarinya. Sai ta ƙara da cewa ai uban ya hana tafiyar da farko, sai da malam ya je gida da kansa ya kwantar musu da hankali.

"Ya ce kar mu damu, akwai uwa a tafiyar. Don haka ma aka sa ki."

Da zuciya ɗaya ta faɗa, tana murmushi.

Na jira aka watse. Na same shi yana naɗe wayoyin lasifika, na tambaye shi ko waƙa zan je yi ko reno. Ya soma zagaye-zagaye, wai duka biyun, wai darajata a ƙungiyar ta wuce murya. Na ce ya bar darajata, ya gaya min yadda muryata take. Sai ya ce ina riga kowa shiga. Kowane amshi, kafin hannunsa ya sauka na riga na faɗa ciki, in ja na kusa da ni su biyo ni. Wurin 'yan jaz abin ya fi muni, domin akwai gurbin da ake barin mai ƙaho ya yi busarsa shi kaɗai, ni kuma sai in rufe masa. Na ce tun yaushe. Ya ce tun ranar farko.

"Mama, ta yaya zan tsawata miki a gaban yara? Kin haife ni."

"Ban haife ka ba," na ce. "Ɗalibarka ce ni. Da na so a yi ta gaishe ni, da na zauna a gida."

Ban yi ihu ba, ƙarfin ihun ma babu. Abin da za a gyara min cikin mako guda aka bari ya yi shekara, kowa a ɗakin ya sani, har yaran da ke rige-rigen ɗaukar min jaka. A mota na yi ta tunanin mai ƙahon nan, yaro mai kunya, da sau nawa na take masa busa yana ce min sannu Mama. Da na isa gida ban dafa komai ba. Na jiƙa ƙafafuna a ruwan ɗumi, na zauna ina duban ankon da ke rataye. Ina son tafiyar, ban taɓa hawa jirgi ba. Amma in tsaya gaban baƙi ina motsa baki a bayan ganguna, in sauko in ƙirga 'ya'yan mutane, wannan ba zan iya ba.

Da safe na riga mai shara isa ɗakin gwaji. Da malam ya shigo, na gaya masa sharaɗina: daga yau a layin gaba zan tsaya, duk inda na yi kuskure ya tsayar da waƙa ya nuna ni da yatsa kamar kowa. Idan ranar tafiya ta zo ban gyaru ba, ya cire ni, ya nemi wa yaran wata uwar, ni da kaina zan je Mpape in yi wa matar nan bayani. Ya buɗe baki zai ce Mama, na ce ya buɗe piyano, mu fara daga amshin farko.