Ƙafafun Ohemaa

A Suame Magazin, unguwar masu gyaran mota a Kumasi, kowa da sashen jikin motar da yake ci da shi. Wani inji, wani wuta, wani fenti, wani kuwa ba ya taɓa komai sai madubi. Masta Adomako ɗan ƙafa ne, wato ƙafar mota yake gyarawa. Tun yana saurayi ya shige ƙarƙashin mota, har yau kuma bai gama fitowa ba, don ko a coci ya zauna sai ka ga yana leƙen ƙafar benci. Gajere ne mai faɗin ƙirji, gashin ƙeyarsa ya goge saboda kwanciya a kan kwali. Fuskar mutum ba ya riƙewa, amma in jif ta wuce gaban rumfarsa ta faɗa rami, zai gaya maka wace roba ce ta mutu, da azzalumin da ya sa ta.

Cikin motocin da yake dubawa akwai wata baƙar jif, ƙatuwa kamar ɗaki da falo, ta wani dattijo, Nana Agyekum manomin koko. Adomako ne ya raɗa mata suna Ohemaa, wato sarauniya. Shekara da shekaru ba wanda ya taɓa sa mata sifana a ƙafa sai shi. Ranar da ta zo gyara ba ya zuwa cin fufu, sai dai a biyo shi da kwano ƙarƙashinta.

Sai Nana ya rasu. Gado kuwa a al'adarsu na ɗan 'yar'uwa ne, don haka makulli ya tsallake Maame Pokuaa matarsa, ya faɗa hannun Boakye ɗan 'yar'uwarsa, wani matashi mai tuƙi da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe da waya. Kafin shekara ta zagayo ya kashe mata ƙafar gaba. Da safen wata Talata Adomako yana kurɓar kunu ya jiyo ta tun daga kwana, ƙwas-ƙwas, tana tafe tana ɗingishi. Ya ajiye kofi, ya goge hannu, ya kori wata tasi daga bakin rumfa. Ohemaa ta zo daidai shi, ta rage gudu, ta sa sigina, ta karya hagu ta shige garejin Ntim.

Ntim fa! Wanda Adomako ya koya wa bambancin noti da washa, ya yaye shi, shi kuma ya rasa inda zai kafa rumfa duk faɗin Kumasi sai tsallaken hanya.

"Masta, barka da hantsi!" Ntim ya ɗago hannu, haƙora duk a waje. "Ka ga baƙuwata?"

"Na gan ta. Ka wanke hannu kafin ka gaishe ta."

"Ai ita ta kawo kanta, Masta. Ta ce ta gaji da hannun tsofaffi."

Boakye ya fashe da dariya, ya ce, "Kawu, kada ka ji haushi, Ntim abokina ne tun firamare."

"Haushin me? Mota ce, ƙarfe ne," in ji Adomako. Ya koma ya ɗauki kunu, ya kai shi hanci maimakon baki.

Wunin ranar bai ƙulla komai ba. Ya ga Ntim ya sa jak a inda ba a sawa, ya ji abin a haƙarƙarinsa. Ya ga ya kwance taya ya jefar, ya ga har ya zauna a kujerar direba ya kunna rediyo, abin da shi bai taɓa yi ba. Daga nesa ya gane ciwon: hannuwan ƙafar gaba ne, na sama da na ƙasa, sun tafi da robobinsu da gwiwoyinsu. Ya kuma san abin da Ntim bai sani ba tukuna, cewa na asali irin nata saura saiti guda a Magazin, a shagon Fosu mai sayar da kayan mota, waɗanda aka kwanto daga wata jif da ta yi hatsari ta baya a Turai.

Ya bi ta lungu ya nufi shagon. Fosu ya fara zaro masa sababbi a kwali, suna ƙyalli.

"Fosu, ni za ka nuna wa kwali? Kwali na shiga rami?" Ya ɗaga guda ya jinjina. "Ji fa, kamar cokali. Dubi fentin nan, bai gama bushewa ba." Ya danna robar da farce, ta lotsa kamar burodi. Ya murɗa gwiwar da yatsa biyu, ta juya ba gardama. "Wannan ko surukata ba zan sa wa ba. Ɗauko na bayan labule."

Fosu ya fito da su, da ƙurarsu da tsohon maiƙonsu. Nauyi kamar zunubi. Gwiwar sai da Adomako ya sa ƙarfi kafin ta motsa, robar ba tsaga ko ɗaya, ya ƙwanƙwasa da sifana ƙarfen ya amsa tas.

"Wace motar za ka sa wa, Masta?"

"Ƙarƙashin gadona zan sa wa."

Can ɗin kuwa ya kai su. Ntim ya zaga Magazin neman na asali har takalminsa ya tsinke, daga ƙarshe ya dawo da masu kwali. Adomako yana zaune a kan tsohuwar taya yana kallo, daɗi na ratsa shi. Lissafinsa shi ne: wata ɗaya, biyu in ta yi tsanani, ƙwas-ƙwas ya dawo, Boakye ya tsallako hanya da hula a hannu.

Ana cikin haka Maame Pokuaa ta iso rumfarsa, ta zauna tana fifita da gefen zane.

"Adomako, Asabar ake bikin cikar shekarar maigida a ƙauye. Kai kam dole ka zo, ka fi wasu danginsa saninsa."

"Zan zo, Maame. Wace mota za ku bi?"

"Wace kuwa? Tasa mana. Boakye ya ce zai ɗauke ni da jikokina duka. Na san hanyar ba kyau, ga gangaren nan na bayan gada, amma tunda ana sa mata sabuwar ƙafa hankalina a kwance yake. Ai yaronka ne, hannunka ne."

Adomako ya san gangaren. Ya san tuƙin Boakye. Ya san kuma yadda taya ke kwanciya a gefe in gwiwar jabu ta fita ana cikin gudu. Ya dubi tsohuwar, ya dubi tsallake inda Ntim ke yage kwali da haƙori, ya yi tsaki mai tsawo har Maame ta tambaye shi ko haƙori ke damunsa.

Da la'asar ya tsallaka da buhu a kafaɗa, ya zube shi a gaban Ntim.

"Kwance tarkacen nan ka sa waɗannan."

Ntim ya leƙa buhun, ya ɗago. "Au, Masta! Ashe kai ne ɓarawon da Fosu ya ƙi faɗa mini sunansa?"

"Rufe baki. Sharaɗi ɗaya, ni zan ɗaure."

"A rumfata? Kai ka koya mini cewa masta biyu ba sa shiga ƙarƙashin mota ɗaya."

Gaskiya ne, shi ya koya masa, har da ranƙwashi. Haka ya tsaya a rana, hannu a baya, yana kallon ƙafafun Ntim suna rawa daga ƙarƙashin Ohemaa. "Kada ka ƙarasa ɗaure robar sai ka sauke motar a ƙasa! Ka ji ko? A ƙasa!" Ntim ya amsa da fito. Da Boakye ya zaga da ita ya dawo, ya rungume Ntim yana ihu, "Ɗan'uwa, kamar a kan katifa! Ai na faɗa, hannunka daban ne." Adomako ya naɗe buhunsa ya tsallaka rumfarsa.

Ranar Asabar ya zo da baƙin zanensa na makoki a kafaɗa, ya ce shi a motar zai tafi, kuma gaba zai zauna don ya saurari ƙafa. Gaba kuwa Ntim ya riga ya kame, wai bakaniken mota. Tsakiya Maame da jikoki. Aka buɗe masa but, aka cusa shi tsakanin tunkiya da akwatunan lemo, daidai kan tayar baya.

Haka suka kama hanyar ƙauye. Duk ramin da suka shiga sai ya ture kan tunkiyar ya miƙa kunne gaba. Rabin zuciyarsa na roƙon Allah ya ji ɗan ƙis, ko yaya, ya samu abin da zai mari Ntim da shi a gaban jama'a. Rabin kuma na cewa a'a, kayan nan shi ya zaɓo su. Suka sauka gangaren lafiya, ba ƙis ba ƙas. Maame ta waiwayo ta ce, "Adomako, ka ji aikin yaronka?"

"Ban ji komai ba, Maame," ya ce. "Tunkiya ta cika mini kunne."