Ba a Ƙetare Zare

Ranar Laraba ce, cikin kaka. Na fito daga masallaci na zagaya bayan gida na duba awaki. Na dawo, na sake komawa, domin ban tabbata na ƙirga su daidai ba. Shida ne. Agogon hannuna ya nuna ƙarfe shida da rabi. Ni mutum ne mai yawan duba agogo, tun ina lakkwal, wato makarantar boko, nake haka, kuma a aji shida karatuna ya tsaya. Shi ya sa zan iya faɗa muku lokacin da kowane abu ya faru, ko da yake sanin lokacin bai tsinana mini komai ba.

Ni masaƙi ne. Ƙauyenmu yana arewa da Takanamat, tafiyar wuni guda a ƙafa. Ba zan faɗi sunansa ba, don akwai waɗanda suka koma. Ina saƙa ƙwarya, wato falle mai faɗin tafin hannu, matata Rakiya kuma tana haɗa su da allura su zama gwado. Ita ke yin geza, ita ke kaiwa kasuwa, ita ke ciniki. Ni in mai saye ya ɗaga gwado yana dubawa, sai in fara nuna masa kurakuran da bai gani ba. Shekara goma sha huɗu muna haka. Ɗiya ɗaya ce ta rayu mana, Habsu. Shekararta shida a lokacin.

Dole in bayyana muku yadda wurin yake, in ba haka ba ba za ku gane ba. Ƙofar gidanmu tana duban kudu. Taki goma daga ƙofar akwai kwari mai zurfi wanda ruwa ya ci. Masaƙata tana ƙarƙashin itacen bedi, tsakanin gida da kwari, ta yamma. Bayanta shingen ƙaya ne. Zaren tsaye yana fita daga masaƙa ya miƙe gabas, ƙarshensa a ɗaure da katako mai dutse a kai. Kunkuru muke ce masa, saboda a hankali yake matsowa yayin da saƙa ke ci. Wanda ya fito daga gidanmu zai je kwari, ko ya ƙetare zare, ko ya zagaya ta wajen kunkuru.

Ba a ƙetare zare. Haka babana ya koya mini. Ya ce zaren da aka ƙetare tsinkewa yake yi, gwadonsa kuma ba ya ɗumama mai shi. Wasu masaƙa a baki kawai suke faɗa. Ni na riƙe shi da gaske. Duk wanda ya doso, yaro ko babba, akuya ko baƙo, kalma ɗaya nake jefa masa: "Zare!" Sai ya karkata. A shekararmu ta farko Rakiya ta taɓa ƙetarewa da tulu a kanta. Ban yi faɗa ba. Na warware kamu guda na abin da na saƙa, na kuma ƙi cin tuwo. Ba ta sake ba.

A wannan makon gwadon Agali muke yi. Agali makiyayi ne, maƙwabcinmu, harshen Tamashek yake yi a gida, Hausa da mu. Babba yake so, mai ƙwarya goma. Na gama shida zare ya ƙare. Da safen nan na shimfiɗa sabo, na shafa masa ƙullin gero don ya yi ƙarfi, na ja kunkuru har bakin hanya don ya sha iska. Kullum taki goma sha biyar yake. Ranar ya kai talatin.

Ƙarfe bakwai Rakiya ta kawo mini kunu. Ta tsaya tana duban tsawon zaren.

"Malam, yau sai mun bi ta Tawa kahin mu kai kwari?"

"Kahin azahar ya bushe, sai in jawo shi."

"To, Allah shi ba kunkuru sauri."

Ta yi dariya ta koma ciki, ta ɗauki ɗinkinta.

Ƙarfe takwas da minti goma na zauna ina ɗaura sabon zare a bakin tsohon, sili bayan sili. Ɗari da ashirin ne. Habsu tana gefena tana jan ƙoshiyar saƙa a ƙasa, wai motarta ce. Ana daka a gidaje uku. Ina jin kowace taɓarya daban.

Ƙarfe tara da minti ashirin na ji ƙugi daga gabas. Na ɗauka injin niƙa ne. Sai na tuna ya yi mako guda a lalace. Ƙugin ya rabu, ya zama na moto, wato babur, ba ɗaya ba, ba biyar ba. Dakan gidan farko ya tsaya. Na biyu ya tsaya. Na uku ya ƙara bugu biyu, shi ma ya tsaya.

Tara da ashirin da biyar aka yi harbin farko. Bai yi ƙara yadda na zata ba. Kamar an fasa ƙwarya a kan dutse. Daga nan suka biyo juna ba tsayawa. Jakuna suka fara kuka. Wani yana ihu daga wajen masallaci.

"Ku hito! Kowa shi kwanta!"

Ina kan sili na tamanin da uku. Na yi alkawarin faɗin gaskiya, don haka zan faɗa: sai da na ɗaure shi kafin na tashi.

Na sunkuci Habsu na bi ta gindin bedi zuwa bakin kwari. Na waiwaya. Hayaƙi yana tashi daga rumbunan gabas. Rakiya ta fito da gudu, gwadon Agali a kafaɗarta, takalmi ɗaya a ƙafarta. Ta gan mu. Ta miƙo sosai. A wurin da ta dosa zaren bai kai gwiwa ba. Saura taki uku ta kai kwari na ga ta tattara zanenta da hannu za ta yi tsalle.

Na buɗe baki na ce, "Zare!"

Na daɗe ina neman abin da nake nufi. Wani lokaci in ce nufina ta ƙetaro kar ta tsaya. Wani lokaci in ce tsoro nake kar ya harɗe mata ƙafa ta faɗi. Akwai na uku, shi ne bakina ya faɗi abin da ya saba faɗa. Ko wanne ne, kalmar ɗaya ce, kuma da muryar kullum ta fita.

Ta karkata hagu. Ko tsayawa ba ta yi ba. Ta bi gefen zaren tana gudu zuwa gabas, zuwa kunkuru, zuwa bakin hanya. Na sake buɗe baki, babu abin da ya fito. Moto biyu suka ɓullo a kan hanya, mutum bibbiyu, fuska a rufe. Saura kamar taki uku ta kai kunkuru. Aka yi ƙara sau biyu. Ta fara zama, kamar wadda ta taka ƙaya. Sannan ta kwanta a gefen dama. Gwadon ya zamo ya rufe mata hannu.

Na bayan moton ya juyo da kai wajen bedi. Na toshe bakin Habsu na faɗa cikin kwari. Gilashin agogona ya tsage, amma bai tsaya ba. Tara da talatin da ɗaya.

Mun tarar da mutane a ciki, mata da tsofaffi sun fi yawa. Ba wanda ya gai da wani. Muka nufi kudu a sunkuye. Rairayi yana riƙe ƙafa. Habsu tana bayana, ƙoshiya a hannunta tana bugun kafaɗata da kowane taki. Sau biyu na tsaya zan koma. Na farko wani tsoho ya ture ni gaba. Na biyu ba wanda ya hana ni. Ni na ci gaba da kaina.

Ƙarfe goma da kwata harbin ya ragu. Ya koma ɗaya ɗaya, da tazara tsakani. Wannan ya fi na farko muni. Na kama kaina ina ƙirgawa, na daina, na sake kama kaina.

Ƙarfe sha ɗaya kwarin ya ƙare a fako. Fili ne fetal, babu ko itacen geza. Muka jira. Wata mata ta ce, "Ku tahi biyu biyu." Da namu ya zo na rungume Habsu a ƙirji na ruga. Duwatsu suka yanka mini ƙafa, a nan na gane babu takalmi na baro gida. Muka shiga gonakin da aka yanke gero, kara na tsaye.

Sha biyu da minti biyar muka ji moto. Kowa ya kwanta inda yake. Minti arba'in muka yi a kife. Tururuwa suna hawa wuyan Habsu, ba ta motsa ba. Moto ɗaya ne, ya wuce can nesa. Har yau ban san ko nasu ba ne.

Ɗaya da rabi muka kai wata rijiyar makiyaya. Wata tsohuwa ta ba mu ruwa a yankakken bido, wato jarka. Ta dube mu, ta dubi arewa, ba ta tambayi komai ba. Na yi azahar sau biyu, domin ban san raka'a nawa na yi a ta farko ba. Da na sallame Habsu ta ce, "Baba, Inna hwa?" Na ce tana zuwa. Wannan ƙarya ce, ko kuma ban san ƙarya ce ba a lokacin. Na ga ta faɗi. Ban ga ta mutu ba.

Shida saura minti goma muka shiga Takanamat. Aka sauke mu a filin wata makaranta. Kwana biyu na yi ina zama a bakin hanyar arewa. Duk wanda ya iso sai in tare shi. Wasu suka ce ba su bi ta unguwarmu ba. Wasu suka sunkuyar da kai. A rana ta uku muka hau kamiyo, babbar motar kaya, zuwa Tawa, gidan wani ɗan uwana mai kabu-kabu.

Bayan kwana goma sha tara Agali ya same ni. A kasuwar dabbobi ya yi ta tambaya har aka kwatanta masa gidan. Ranar da abin ya faru yana daji da shanu. Washegari ya shiga garin, shi da wasu mutum huɗu, suka rufe waɗanda suka samu. Ya ce inda ta faɗi nan ya same ta, kuma a ganinsa ba ta daɗe ba. Ban sani ba ko ya faɗa ne don ya sanyaya mini rai. Babu likkafani a garin, sai suka naɗe ta a gwadon. Ya ce, "Gwadona ne, na ba ta." Ya ciro allurarta daga rawaninsa ya miƙa mini. Da guntun zare a jikinta.

Sannan ya kwance wani ƙunshi. Zaren tsaye ne, ya naɗe shi da kyau. An ƙone rumbuna, an kora dabbobi, masaƙa ta karye, amma shi babu abin da ya taɓa shi. Na tambaye shi ta ina suka bi da ita zuwa maƙabarta, tunda tana bayan kwari. Ya ce, "Zagayawa munka yi."

Sau ɗaya na tambayi Habsu abin da ta ji na faɗa a ranar. Na yi fatan ta ce na ƙara wata kalma wadda ni na manta. Ta ce, "Zare ka ce, Baba." Ban sake tambayarta ba.

Yanzu muna Tawa, a ɗaki ɗaya. Na haɗa wata masaƙar, na kafa ta a jikin katanga inda ba mai wucewa. Ƙwarya kawai nake sayarwa, wani tela ke haɗawa da keke. Ɗinkinsa a miƙe yake, amma gwadon ba ya kwanciya irin nata. Wani lokaci ƙwallon yaran unguwa takan faɗo, su yi tsalle su ƙetare zaren su ɗauka. Bakina yakan buɗe. Sai in cije leɓe har su wuce. Habsu ita zagayawa take yi. Na ce mata ta riƙa ƙetarewa, ba komai. Ta ƙi.

Abin da muka bari: awaki shida, rumbu biyu, masaƙar babana, gwado mai ƙwarya shida wanda ba a gama ba. Daga ƙofa zuwa kwari taki goma ne. Rakiya ta riga ta yi bakwai.

Ƙunshin da Agali ya kawo yana rataye a ɗaki, ban saƙa shi ba. Na kwance shi na duba sili bayan sili, sau uku. Ɗari da ashirin ne. Ko ɗaya bai tsinke ba.