Orval Tackett da Ƙararrawar Pellam

Duk garin Pellam babu wanda ya kai Orval Tackett ƙin mutanen Corvin. Ko mai ba ya sha a garinsu, ya gwammace ya tura motarsa har gida. Ni ƙanwarsa ce, na san halinsa, kafiya kamar jaki.

Aikinsa yankan ciyawar filin wasa a jami'armu, amma da ƙararrawa aka san shi, wata tsohuwa ta jirgin ƙasa. Duk shekara jami'armu da ta Corvin sukan kara a ƙwallo, wanda ya ci ya tafi da ita sai baɗi. In tana hannunmu, Orval ke goge ta, shi ke kaɗa ta har kunnuwa su toshe. In tana Corvin kuwa, ko gasasshen naman Lahadi ba ya masa daɗi.

Sai manyanmu suka shiga zawarcin wata babbar ƙungiyar wasannin jami'o'i mai kuɗin talabijin. Aka sha zama, aka sha ciniki. Ƙungiyar ta ce ta yarda, amma babu sauran wasa da ƙananan makarantu irin Corvin. Namu suka sa hannu, ko a jikinsu.

Shugaban wasanni, Mista Brubaker, ya zo fili yana washe baki.

"Orval, albishirinka! Mu muka ci wasan bara, ka ga ƙararrawa ta zama tamu har abada. Gidan gilashi za mu yi mata."

"Gilashi? Gawa ce?"

"Haba dattijo, ai kai ya kamata ka fi kowa murna."

Ran Asabar da hantsi Orval ya ɗora ƙararrawar a akori-kura, ya ce in raka shi. Muka tsaya a ƙofar filin Corvin, mai yankan tasu ciyawar, Delbert, ya fito yana dariya.

"Tackett! Ɓatan hanya ka yi, ko koyon aiki ka zo?"

"Rufe min baki, kama nan. Ka riƙa goge ta, ƙazami. In ta yi tsatsa, ni da kai ne."

Da muka juyo na ga idon Orval ya yi ja, tausayinsa ya kama ni.

Ran Litinin Brubaker ya kira shi ofis, ya ce ko ya dawo da ƙararrawar ko ya bar aiki. Orval ya dire makullan injin ciyawa a kan tebur.

"Tana Corvin, yallaɓai. In kuna son ta, ku je ku ci su."