Aina'u Mai 'Yan Tsana

Saura kwana tara a kai Zakiyya ɗakin mijinta a Ungogo, amma leshin da za ta sa ranar yana nan a ninke cikin leda, ko almakashi bai taɓa shi ba. Abin da ya sa maganar ta zama abin faɗa a Ɗorawar Liman shi ne, uwar amaryar ce telar garin. Aina'u ke nan, matar Malam Hadi, wadda ake kawo wa ɗinki daga ƙauyukan da ke tsakanin Bici da Ɗanbatta, kuma ba a taɓa jin ta saɓa wa amaryar wani gida alkawari ba. Sai da aka zo kan 'yarta tilo hannu ya ƙi.

Ba wai zaune take ba. Aina'u ba ta san zama ba tun asali, a 'yan kwanakin nan kuwa abin ya wuce misali. Za ta hura wuta ta manta ba ta ɗora tukunya ba, ta fara shara ta jingine tsintsiya a rabin tsakar gida, ta hau keken ɗinki ta taka sau uku, ta sauko ta je ta leƙa awakin da ta leƙa ɗazu. Idan ta zo wucewa ta kusa da ledar leshin sai ta ɗaga ta ta canza mata wuri. Ledar nan ta kwana a kan akwati, ta kwana a ƙarƙashin filo, har saman buhun gero ta kwana.

Wanda bai san gidan ba, idan ya shiga ɗakin ɗinkinta, sai ya ɗan ja da baya. A kan kanta biyu, a jere, 'yan tsana ne na roba sun fi talatin, dogaye, masu siririn ƙugu, kowacce da kitsonta da ɗaurin ɗankwalinta. Duk daga gwanjo ta tsinto su. Bayan kowane mako biyu ko uku takan hau motar Kano, ta je inda ake kwance dilar kayan wasan yara, ta tsuguna tana tono kamar kaza a juji. Kyan fuska bai dame ta ba. Abu ɗaya take dubawa: ta kama ƙafar ta lanƙwasa. Idan gwiwa ta karyu, 'yar tsana ta iya durƙusawa, ta shiga jaka. Idan ƙafar sanda ce, ko da gashinta ya kai dunduniya, sai ta mayar da ita ta ce, "Wannan ba ta da tarbiyya." Masu dilar sun gane ta, da sun hango ta suke fara ware mata masu gaɓa.

A gida takan wanke su da sabulu, ta warware gashin da ya cukurkuɗe, ta yi musu shuku ko kalaba da tsinken kitso. Daga nan sun zama ma'aikata. Ba ta yanka atamfar kowa sai ta fara fitar da ɗinkin a jikin 'yar tsana da ƙyallen da ya ragu, mai kaya ta zo ta juya, ta ɗaga hannun, ta ga yadda rigar ke zama. Na amare kuwa sai an durƙusar da ita a kan tabarma tukuna. Aina'u ta sha faɗa wa 'yan matan da ke zuwa da hotuna a waya cewa siket ɗin da amarya ba za ta iya gaida surukai a cikinsa ba, buhu ne, ba sutura ba.

Malam Hadi, manomi ne kuma yana karantar da allo a zauren gidan, da farko bai sake da abin ba. Ya yi tambaya a wurin waɗanda suka fi shi karatu, ya dawo ya ce tunda kayan aiki ne, to, amma a riƙa rufe su da zani idan an tashi. Haka ake yi har yau. Shi bai taɓa tambayarta me tela ɗaya za ta yi da ma'aikata talatin ba, ita ma ba ta taɓa faɗa ba.

Asalin abin kuwa tana da shekara tara ne. A lokacin 'yan tsanarsu na ƙashin ƙafar saniya ne da karan dawa, a liƙa musu gashi da zare, a ɗaura musu tsumma, a goya. Sai kakarta ta dawo daga aikin Hajji da tsaraba, a ciki har da 'yar tsana ta roba mai gwiwa. Aina'u ta sa mata suna 'Yar Jidda. Ranar da ta gano tana durƙusawa, gida-gida ta bi da ita tana sa ta gaida tsofaffi, su kuma suna amsawa da gaske, har da tambayar mutan gida.

Ƙawarta Sauda, 'yar malamin gona da aka turo garin aiki, tana da ɗa namiji na kara. Ita ta kawo maganar aurensa da 'Yar Jidda. Bikin 'yar tsana kuwa ba ƙaramin sha'ani ba ne a wurin yara mata: an kai goro na ɓawon gyaɗa, an yi lefe a gwangwanin madara, an dafa 'yar shinkafa a kaskon wasa, an yi guɗa. Ka'ida ita ce amarya ta tare a gidan uwar ango ta yi kwana bakwai, sannan a dawo wa mai ita da abarta. Wata ka'idar kuma, uwar amarya ba ta rakiya, ba ta leƙe, kamar yadda suka ga manya suna yi. Aina'u ta riƙe wannan da ƙarfinta. Gidan su Sauda na nan bayan masallaci, amma kwana uku tana zagaye ta bayan gari don kada a ce ba ta da kunya.

A rana ta huɗu aka aike ta kai abinci gona. Kafin ta dawo babbar mota ta zo ta kwashe malamin gona da iyalinsa, an canza masa wurin aiki zuwa wani gari da ko sunansa ba ta iya faɗa ba. Ta tarar da ɗaki a buɗe, sai ramukan ƙafar gado a ƙasa. Ta dawo gida tana kuka kamar ranta zai fita, matan gida kuwa suka yi ta dariya, ba don mugunta ba. Innarta ta ce, "To ke da kika aurar da ita? Ai ta bi mijinta." Aina'u ba ta sake ganin Sauda ba, kuma dariyar nan ba ta bar kunnenta ba.

Ta girma, ta koyi ɗinki, ta yi aure, ta haifi Zakiyya, daga ita Allah bai ƙara ba ta ba. 'Yar fari ce, don haka Aina'u ba ta kiran sunanta, ba ta yabonta a gaban mutane, daga "ke" sai "yarinyar nan". Tana son yarinyar nan so mai tsanani, irin wanda ke hana mutum cin abinci idan an yi jinkirin dawowa daga makaranta, amma bakinta bai taɓa furtawa ba. Da Zakiyya ta gama kwalejin ilimi a Bici ta kawo Abdulkabir, malamin makaranta ɗan mutunci wanda kowa ya yaba, Aina'u ta yi murna kamar kowa. Sai da aka sa rana ƙafarta ta kasa tsayawa wuri ɗaya.

Ga yadda kwanakin suka tafi. Ta yanko ɗan bakin wani tsohon leshi mai kama da na amarya, ta fitar da riga a jikin 'yar tsana. Ta duba ta ce wuyan ya yi faɗi. Ta sake a jikin wata, ta ce hannun ya yi nauyi. Kafin saura kwana uku, 'yan tsana goma sha ɗaya ne a jere cikin kayan amarya, kowacce ta fi ta baya kyau, leshin gaske kuwa yana cikin leda. Gwaggo Hure, yayar Malam Hadi, wadda ta zo daga Ɗanbatta don hidimar biki, ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙe haɓa ta ce, "Aina'u, waɗannan za mu kai Ungogo ko 'yar mutum?"

Washegari da hantsi Zakiyya ta shigo da mayafinta a kafaɗa, ta ɗauki ledar daga kan buhun gero.

"Ina za ki da shi?" in ji Aina'u.

"Bici, Umma. Akwai telar da ta ce za ta yi mini a kwana ɗaya." Ba ta ɗago kai ba. "Na ga kina da aiki da yawa. Su sun samu kayansu, ni ce dai ban samu ba."

Maganar ta shigi Aina'u sosai. Sai kawai ta miƙa hannu ta karɓe ledar. Ta shimfiɗa leshin a kan tabarma, ta zana da alli ba tare da ta nemi awo ba, don awon yarinyar nan a kanta yake tun tana zanin goyo. Ta yi bisimilla ta sa almakashi. Yini biyu keke bai huta ba, kuma a karon farko cikin wata guda aka ga Aina'u a zaune. Riga ta fito, siket ya fito, komai ya zauna. Bakin siket ɗin kaɗai ta bari ba ta kalmashe ba, ta ce sai an sa da takalmi ake gane tsawo. Gwaggo Hure dai ta san ba haka ba ne.

Ranar kai amarya an shirya tashi da la'asar saboda hanya. An yi wa Zakiyya faɗa a ɗakin mahaifinta, ta yi kukanta, an wanke mata fuska. Motoci biyu suna ƙofar gida, mata sun cika tsakar gida da hayaniya. Sai a lokacin Aina'u ta aika a turo mata yarinyar nan a gama kalmasa, ta kuma ce a ba su wuri.

Zakiyya ta tsaya a tsakiyar ɗakin cikin leshinta. Aina'u ta zauna a ƙasa gabanta da allura da zare, ta kama bakin siket ɗin tana bi a hankali, ɗinki ƙanana ƙanana, irin wanda ko mai kuɗin gari ba ta taɓa yi wa ba. Daga waje direba ya danna ham. Gwaggo Hure ta ƙwanƙwasa ƙofa ta ce rana na yi. Aina'u ta ce saura kaɗan, alhali tana ganin inda ta faro yana matsowa. Daga yau ba ta da rakiya, ba ta da leƙe, sai ranar da dalili mai ƙarfi ya kai ta, kuma ta san za ta riƙe wannan ma da ƙarfinta.

Ɗinki ya haɗe. Ta ƙulla zaren, ta sake ƙullawa, ta riƙe shi a yatsa.

"Umma, ya yi," in ji Zakiyya.

Aina'u ba ta ɗago ba. Ta ce da bakin siket ɗin, "Ba aiki ne ya yi mini yawa ba. Ba na so ki tafi ne. Ina ganin idan ban gama ba, ba za a ɗauke ki ba."

 Sai ta ji siket ɗin ya saki a hannunta, Zakiyya ta sauko ƙasa har fuskarsu ta daidaita, kwallin da aka gyara mata ya sake lalacewa.

"Kwana tara ina zaton kin ƙosa in bar miki gida," ta ce. "Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Ba a faɗa."

"To ai kin faɗa."

Aka sake danna ham, wannan karon da tsawo. Aina'u ta laluba almakashi ba ta same shi ba, sai ta sunkuya ta yanke zaren da haƙori. Ta goge wa 'yarta ido da bakin zaninta, ta kama hannunta ta miƙar da ita, ta buɗe ƙofa ta miƙa ta ga Gwaggo Hure. Ita kuma ta tsaya daga ciki.