Gyaran Muryar Maigidana

A shekarun da kuɗin fetur suka fara shigowa, kowa a Wudil ya sami abin sa wa ido. Ni maƙogwaron maigidana na samu. Kaki ne ya maƙale masa, ba mura ba tari. Da safe ya yi ta kakari a bakin rariya, da rana kuma ba ya iya haɗa magana biyu bai yi gyaran murya ba.

A wurinmu kuwa gyaran murya magana ce. Namiji kan yi ta kafin ya shigo gida don mata su kintsa. In kuma mutum ya yi ta wani yana tsakiyar labari, to ya ce masa "rage ƙarya" ke nan ba tare da ya furta ba.

Maigidana Malam yana da amini tun na ƙuruciya, wanda ya shiga kwangila a Kano ya dawo da mota da sunan Alhaji. Kowace Juma'a yakan zo zaurenmu da tsaraba, ya baje labari: buhunan siminti, manyan da ya gaisa da su. Ni ina jin komai ta bayan katanga. Alhaji ya ɗauko zance, Malam ya yi gyaran murya. Ya sake ɗaukowa, Malam ya sake. Wata Juma'a na ji Alhaji ya ce, "Malam, in kana ganin dukiyata ba ta halak ba ce, ka faɗa da baki." Malam ya buɗe baki zai rantse, kakin ya riga shi. Alhaji ya tashi motarsa, bai ƙara zuwa ba.

Malam ya rame, tuwo ma sai ya tsakura. Ni kuwa ban ji tausayin Alhaji ko kaɗan ba, don na daɗe da ɗora masa ayar tambaya. Ciwon nan bai fara ba sai da tsarabarsa ta fara shigowa. Na zubar da goron da ya kawo. Na dafa wa Malam citta da kanumfari, na ba shi zuma da lemun tsami, na sa shi kurkurar maƙogwaro da ruwan ɗumi da gishiri, na lulluɓe shi ya yi sirace. Sai ya ɗan lafa, washegari ya dawo.

Da kaka ta yi, Malam ya tafi ƙauyen Utai girbin dawa, ya daɗe a can, ya dawo murya tas. Kwana kaɗan a gida, kaki ya dawo. Na ce shi ke nan, a ɗakin aka binne abin. Na ɗaga tabarma, na fara tonon ƙasa da wuƙa, sai ga Malam a kaina.

"Me kike nema?"

"Abin da amininka ya ajiye mana."

Ya nuna min kwalin da ke ƙarƙashin gado. Igiyar leko ce, maganin sauron nan da ake kunnawa, Alhaji ya kawo katan guda saboda sauron bakin kogi. Kullum Malam sai ya kunna ta ya rufe taga. Ya ce tun a Utai ya gane hayaƙin ne, amma ta yaya zai ce wa mutum kyautarsa ce ke shaƙe shi?

Na ji haushinsu su biyun. Na kwashe kwalin na kai rumbu, na rataya gidan sauro, na buɗe taga. Malam bai yi wata ba ya warke, ya taka da ƙafarsa har gidan Alhaji ya ba shi haƙuri.

Juma'ar da Alhaji ya dawo, na kasa kunne. Hira ta yi daɗi, har ya ce gwamna da kansa ya riƙe masa ƙofar mota. Sai Malam ya yi gyaran murya. Na ƙara matsawa jikin katanga.

Alhaji ya ce, a hankali, "Har yanzu kakin ne, Malam?"

Malam ya ce, "Har yanzu, Alhaji. Ci gaba."

Ni nake share bakin rariya kullum. Na san maƙogwaron nan fes yake.