Badon da Na Shuka wa Baba

Ina aji biyu a jami'a lokacin da likita ya sallami Baba daga asibiti, ya ce a kai shi gida ya huta. Mama ta yi shekara talatin tana aikin jinya kafin ta yi ritaya, don haka ba ta tambayi ma'anar wannan hutun ba. Ni ma ban tambaya ba. Na dai nemi sunan ciwon a littafi, na karanta shafin har ƙarshe, na rufe. Zuciyarsa ce ta gaji. Ƙafafunsa sun kumbura har takalmin zuwa coci ya daina shigarsa, kuma daga ɗaki zuwa tsakar gida sai ya tsaya sau biyu yana neman numfashi.

Baba tsohon hedimasta ne, mutum mai son hira. Ni ban gado shi ba, ko baƙi aka yi sai in sulale ɗaki da littafina. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kirana da wani suna ba sai Uwata. Yayyena maza biyu suna aiki a wasu garuruwa, ni kaɗai na rage a gabansu a gidanmu na Tudun Wada.

A bayan ɗakinsa akwai ɗan fili tsakanin bishiyar gwaiba da akurkin kaji. Nan muke fito masa da kujera idan rana ta yi sanyi. Wata la'asar cikin bazara, ina yi masa fifita, ya ce, "Uwata, kin taɓa ganin bado ya buɗe?"

Na ce na gani a hoto.

"A hoto!" Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Jikar mutanen fadama, wai a hoto."

Ya ba ni labarin ƙauyensu da ke bakin fadama, yadda a ƙarshen damina bado kan rufe ruwa fari fat, su bi ta gefensa da sassafe za su makaranta. Ya ce tun da ya zo Zariya sai dai ya hango shi daga cikin mota, kullum yana cewa idan ya yi ritaya zai je ya zauna ya kalla. Ritaya ta zo ta tarar ƙafa ba ta zuwa ko'ina.

Na ce idan damina ta yi zan sa a tsinko masa.

Ya girgiza kai. "Wanda aka tsinko ai ya gama. Ni so nake in zauna, in ga ɗaya ya buɗe da kansa a kan ruwa. Ko ɗaya ne."

A lokacin ko zuwa Kwangila, nan cikin Zariya, a mota sai ya kwana biyu yana jin jiki, balle hanyar fadama. Washegari na tafi laburare na aro littafi a kan yadda ake gina ɗan tafki a cikin gida. Na kwafe abin da nake so, na zana taswira da rula, na kai wa maƙwabcinmu, wani dattijon magini da muke kira Malam kawai. Katanga ɗaya ta raba gidajenmu, kuma shi da Baba sun shekara ashirin suna gardamar siyasa ta kanta. Ni kuwa tun ina firamare yake kirana Farfesa.

Ya zo ya duba inda na shata da toka, tsawo ƙafa shida, faɗi ƙafa uku. Ya ce, "Farfesa, wannan tafki ne ko kabari?"

Sai da maganar ta fita ya tuna Baba na zaune a bayansa. Ya yi tsuru-tsuru. Baba ya ce, "Bar ta, Malam, ta rage muku aiki ne." Suka yi dariya su biyu. Ni ban yi ba. Da Malam ya tafi na share tokar da ƙafa, na sake shata shi a zagaye.

Ni na haƙa ramin. Ƙasar bayan gidanmu marmara ce, diga na sara tana dawowa. Kwana tara na yi, tafin hannuna ya yi ruwa ya fashe, Mama tana wanke shi tana faɗa. Malam ya jera bulo, ya yi shafen siminti, ya ce in cika shi da ruwa in bar shi ya kwana uku, in kwashe, in sake, don zafin siminti yana kashe shuka. Ya ce sau biyu ya isa. Littafi ya ce sau uku. Ni na yi sau biyar, ina jan ruwa daga rijiya da guga, ina rubuta kowace rana a littafina. A karo na huɗu Baba ya ce, "Uwata, ni fa zangon ƙarshe nake, babu maimaita aji." Na ce saura sau ɗaya. Ya ce to.

Da ruwan sama ya zauna, Malam ya ɗauke ni a babur muka wuce Dutsen Abba zuwa wata fadama. Wani manomi ya shiga ruwa har ƙugu ya ciro mana saiwa uku, kowace da ɗan ganye, ga baƙin taɓo ya lulluɓe su yana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Muka zuba a bokiti muka dawo.

A bakin ƙofa Mama ta tare ni. Ta leƙa bokitin ta toshe hanci.

"Wannan ƙazantar za ki kai bayan tagar majinyaci? Ke ba ki san abin da sauro ɗaya zai yi masa a halin da yake ciki ba?"

Ban yi musu ba, don ni ma abin da na yi ta tunani ke nan a kan babur. A gidanmu ko tumatir sai an wanke shi da ruwan gishiri. Kuma hotunan da ke cikin littafin nan duk ruwa ne garai-garai, ana hango duwatsu a ƙasa. Na zubar da taɓon a kwata. Na wanke saiwoyin har ruwa uku, na wanke yashi, na dasa su a kasko na nutsar. Duk ranar Asabar sai in kwashe ruwan, in goge gansakuka da buroshi, in zuba sabo.

Ranar da na fara haka Baba ya kalle ni ya ce, "Bado ɗan taɓo ne fa."

Na ce, "Baba, sauro."

Bai ƙara ba. Haka yake tun yana koyarwa: ba ya faɗa wa ɗalibi amsa sau biyu. Idan ka ƙi ji, sai ya bar ka da allonka har ka gano kuskurenka da kanka, ya ce abin da aka gano da kai ba a mantawa. Yara da yawa sun ci moriyar wannan hali nasa. Amma a ce mutum yana ƙirga kwanakinsa, yana kallon 'yarsa tana ɓata masa su, ya yi shiru don kada ya karya ƙa'idarsa, har yau ban san ko in yaba masa ko in ji haushinsa ba.

Mako shida na yi a haka. Ganyen kan fito ƙanana kamar murfin kwalba, su koma ruwan ɗorawa, su ruɓe. Saiwa biyu suka mutu. Ina rubuta faɗin kowane ganye, ina komawa littafi ina neman abin da na tsallake. Baba kuwa kullum sai an fito da shi, ya zauna yana kallon ruwan da babu komai a ciki sai inuwar gwaiba.

Malam ne ya leƙo ta katanga wata Asabar ya same ni da buroshi.

"Farfesa, ruwan nan ai ko alwala sai a yi da shi. Me kike so abin ya ci? Sabulu?" Ya juya wajen Baba. "Kai kuma Hedimasta, kana gani ka yi shiru?"

Baba ya ce, "Na faɗa sau ɗaya."

"Allah ya shirye ku, 'yan boko."

Da yamma sai ga shi da bokiti biyu na taɓo, da busasshen kashin shanu, da 'yan ƙananan kifi a leda. Ya gai da Mama da ladabi, ya ce kifin su ne maganin 'ya'yan sauro, idan ta ga ko ɗaya ta kama shi da laifi. Mama ta dubi bokitan, ta dubi Baba, wanda a makonnin nan wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ta koma ɗaki, mu kuma muka zuba su a tafkin.

Ruwan ya yi baƙi, sannan ya yi kore. Na ɓoye buroshin don kada hannuna ya kai gare shi. Cikin mako biyu saiwar da ta rage ta turo ganye kamar faranti, wani na bin wani, har suka rufe rabin tafkin. Kwaɗi suka tare. Baba ya ce yanzu ne wurin ya fara warin gida. Amma a lokacin fitowarsa ta fara wuya, wata rana a fito da shi, kwana biyu ba a fito ba. Daga baya ya koma kwance gaba ɗaya, an tokare shi da filo uku don numfashi.

A ƙarshen damina na hango toho a ƙarƙashin ruwa, dunƙulalle, mai tsini, ba irin na ganye ba. Na kira Malam ya tabbatar mini fure ne. Kullum da safe in sa rula in auna, in je in faɗa wa Baba saura kaza ya fito. Ya ce, "Ki gaya masa ya yi sauri, mai duba makarantu ya kusa zuwa." Ranar Talata ya huda ruwa ya tsaya, kore, a rufe gam.

Ranar Laraba da hantsi numfashin Baba ya canza. Mama ta aika a kira Rabaran, ta buga wa yayyena waya ta ce su taso. Na same ta a madafa tana tsaye, ba ta yin komai. Ta ce, "Ba na jin zai kai yamma." Mama ta tsaya a kan masu barin duniya fiye da yadda za ta iya tunawa, kuma ban taɓa jin ta faɗi irin wannan magana ta kuskure ba.

Na ɗauki wuƙa na fita. Na durƙusa a bakin tafkin na daɗe ina kallon tohon. Sannan na yanke shi. Na sa manyan yatsuna na ɓare koren bayan, na shiga buɗe fararen ganyen ɗaya bayan ɗaya. Sun yi laushi ƙwarai, biyu suka yage. Na ɗora shi a kan ruwa a cikin tasa na kai masa.

Ya buɗe ido da ƙyar. Ya daɗe yana duban tasar.

"Da hannu kika buɗe shi."

"I, Baba."

Ya ɗaga yatsa ya taɓa inda ya yage. Ya ce, "Na gode." Ya ce in ajiye a inda zai riƙa gani.

Bai rasu ran nan ba. Ranar Alhamis furen ya yi baƙi a cikin tasa, Mama ta ɗauke. Na yi tunanin komawa fadama in ciro wani mai toho, Malam ya ce ruwa ya shafe hanyar, babur ba zai shiga ba. Ranar Juma'a da safe Baba ya farka idonsa garau, ya sha koko rabin kofi, ya tsokani yayyena a kan tumbinsu, sannan ya ce a fitar da shi bakin ruwa. Mama ta ce irin wannan sauƙin yakan zo. Ba ta ƙarasa ba.

Yayyena suka ɗauko shi a kujera suka ajiye a gindin gwaiba. Safiya ce mai haske, an yi ruwa an ɗauke. Tafkin cike da ganye, ga ɗan guntun karan da na yanke yana leƙowa a tsakiya. Da na bar shi, da ran nan ko jajibirinta ya buɗe. Na sani, shi ma ya sani.

Ya yi ta kallon ruwan. Can ya ce, "Uwata, duba mini ƙasa. Wataƙila akwai wani yana tafe."

Na naɗe hannun riga, na kwanta rub da ciki a bakin simintin, na zura hannu har kafaɗa. Na lalubi gindin saiwar, na bi kowane kara da yatsa har sama. Duk ganye ne. Na sake bi daga farko, a hankali, don kada in tsallake ko ɗaya. Taɓon ya tashi ya gurɓata ruwan, kifin suka watse.

"Akwai?"

Tun da na yi wayo ban taɓa yi masa ƙarya ba. Fuskata na kallon ruwa na ce, "Akwai, Baba. Ɗan ƙarami."

"Madalla," in ji shi. "Wannan ki bar shi."

Muka zauna har rana ta iso ƙafafunsa, aka mayar da shi ɗaki. Ranar Lahadi da safe, mutane na wucewa ta ƙofar gida za su coci, ya cika. A wannan shekarar badon bai ƙara yin toho ba.