Barcin Sista Agogo a Ɗakin Kwalaye

A asibiti Sista Agogo ake ce mata, don a shekara goma sha ɗaya tana aikin jinya ba ta taɓa makara ba. Ita ce mai yi wa marasa lafiya faɗa a kan barci da cin abinci a kan lokaci, kai ka ce ita ta ƙirƙiro lafiya.

Da annoba ta shigo, sai Agogo ta lalace. Shayi ya zama abincinta, takunkumi ya yi mata shati a kumatu, abu kaɗan ta hau mutum da masifa. A gida kuwa ga yara uku, babu wanda zai bar ta ta runtsa. Sai ta ƙulla wata ƙarya da ita kanta take jin kunyarta: ƙarfe biyu take tashi daga aiki, amma ta ce wa mahaifiyarta an mayar da shi shida. Awa huɗun nan tana can ɗakin ajiye kaya, a miƙe kan kwalayen safar hannu, tana sharar barci. Tsohuwa kuma tana gida da ciwon gwiwa, tana fama da jikoki.

Wata ranar Laraba ta farka ta ji an lulluɓe ta da zani. Tana jin ƙanshinsa ta gane zanen goyon autanta ne.

Mai shara ta leƙo tana murmushi. "Innarki ce ta zo karɓar maganin hawan jini, ta tambaye ki, na kawo ta. Ta ce kar a tashe ki."

Agogo ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Duk hanya tana haɗa maganar ban haƙuri, tana warwarewa.

Ta tarar da Inna a bakin famfo tana wanke kwanuka, idanunta jajir don rashin barci.

"Ku yi shiru mana, uwarku ta sha aiki," in ji Inna ga yaran.

Agogo ta durƙusa. "Inna, ni fa..."

"Je ki yi wanka tukuna kafin ki taɓa su." Inna ta dafa bango ta miƙe da ƙyar. "Gobe ki tafi da filona. Na ga yadda kika lanƙwashe wuya a kan kwalin nan, zai sa miki ciwo."